Rijiya Ɗaya, Guga Tara

A Tartu, ƙarƙashin ginin lissafi,
akwai wani ɗaki marar taga
da ke jiran na'urar da ba a ko saya ba tukuna.
Ni Leelo aka ɗora wa yawon tambaya.
Littafi mai baƙin bango, biro, makonni uku:
je ki jiyo abin da kowa ke so.

Urmas ya ce, "Shiru.
In na ɗora manhajata a sikeli,
ko ƙuda ban yarda ya sauka ba.
Wani ya leƙo ta nesa ina tsakiyar awo,
sai daƙiƙa ta shara mini ƙarya,
ni kuma in ɗauke ta a ka har gaban taro."
Na rubuta: shiru.

Piret ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Ƙwaƙwalwa mai faɗi. Kuma kar a sabunta komai
sai da sanina.
Bara wani mai kirki ya yi mana gyara cikin dare,
alƙaluman wata shida suka bi ruwa."
Na rubuta: a ɗaure hannun masu kirki.

Kalju ya kira daga Narva, yana tari.
Shi tsohuwa yake so, mai jan ƙafa,
don kwamfutocin ƙananan asibitocin da yake wa aiki
sun girmi 'yarsa ta fari.
"Wanda ya auna gudun barewa,
me ya sani game da kunkuru?"

Sai wasiƙar Ignacia daga Valparaiso, layi uku kacal:
"Kun ce a bar dogon gwaji sai dare, lokacin da babu kowa.
Darenku yammacina ne.
Ni ce babu kowan."

Na zauna a bakin Emajogi, ƙanƙara ta rufe shi rabi,
na ƙirga.
Mutum tara, buƙata arba'in da ɗaya,
kuɗin kuwa na akwati ɗaya ne da igiyoyinsa.
Wannan na son a kulle, wancan na son mabuɗi.
Wannan na son jadawali,
wancan ya ce ilhama ba ta san jadawali ba.
Rijiya ɗaya, guga tara,
kowa na rantsuwa igiyarsa ce daidai zurfin.

Ranar ƙarshe na sauka in auna faɗin ƙofa.
Na tarar da Endel, mai riƙe da mabuɗan ginin
tun kafin a haife ni,
yana cin baƙin burodi da kifi a kan kujerar ƙarfe.
Ba ya cikin jerin sunayena.
Ya dubi littafin, ya dubi bango.
"Nan za ku ajiye ta?
Taɓa bututun nan."
Na taɓa. Sanyi ƙalau.
"Dawo ƙarfe huɗu na asuba, in tukunyar ɗumama gini ta tashi.
Waccan ta dā, da zafi ya kama ta, sai ta rage gudu,
malamai a sama suna ta zargin lissafin juna.
Shekara biyu ina jin fankarta tana haki.
Ba wanda ya tambaye ni."

Na buɗe shafin farko,
can sama da shirun Urmas,
inda na bar fili don sunan aikin,
na rubuta: ma'aunin zafi, a rataye a bango,
a riƙa haɗa lambarsa da kowane sakamako.
Ƙarƙashinsa: a matsar da akwatin taku shida daga bututu.

Endel ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga gwiwarsa.
"Bakwai," in ji shi.
Na soke, na gyara.